Daga Yawunde Zuwa Bakin Teku: Tarihin Hanyar Da Ta Ci Mutane

A fim, tafiya ba ta da wahala. Darakta zai nuna mana jarumi ya rufe but ɗin mota, uwa ta sa masa albarka, a sako ɗan kiɗa, a hasko titi na daƙiƙa biyar, shi ke nan sai ga shi ya isa. Ba mai tambayar wa ya sare dajin, wa ya fasa dutsen, ko mutum nawa aka binne a gefen titin kafin motar ta samu wurin wucewa. To, a wannan watan na ajiye sharhin fim gefe guda, ina so mu tsaya a kan waɗancan daƙiƙoƙi biyar ɗin. Za mu leƙa maƙwabta, wato ƙasar Kamaru, mu ga yadda aka haɗa babban birninta Yawunde da garuruwan da ke bakin teku, musamman Duwala da Kiribi.

Mai karatu, ga yadda abin yake. Yawunde na zaune a kan tuddai cikin daji, kimanin mita 750 sama da teku. Nan shugaban ƙasa yake, nan ministoci suke. Amma kuɗi da tashar jiragen ruwa da manyan kamfanoni suna Duwala, tafiyar kimanin kilomita 240 a mota. Shinkafar da ake ci a Yawunde, da man da ake zuba wa motocin gwamnati, da akasarin kayan kanti, sai sun biyo ta tsakanin biranen nan biyu. Wato kai na can sama, ciki na can ƙasa, sai wani siririn wuya da ya haɗa su.

Ranar Juma'a, 21 ga Oktoba, 2016, wuyan nan ya tsinke. Ruwan sama ya kwashe wani kwalbati a kan babban titin, kusa da garin Matomb, motoci suka yi cirko-cirko ta ɓangarorin biyu. Jama'a suka kwarara tashar jirgin ƙasa ta Yawunde. Kamfanin jirgin, Camrail, ya ƙara taragu 8 a kan 9 da jirgin ya saba ja, aka lodi mutane fiye da dubu. Da rana tsaka, a gangaren da ke shiga garin Eseka, jirgin ya kauce daga dogo, wasu taragun suka gangara cikin kwari. Ƙididdigar hukuma ta ce mutum 79 suka rasu, fiye da 500 suka ji rauni. A rana guda an rasa titi an rasa dogo. Wanda duk ke son zuwa Duwala a ranar, sai dai jirgin sama in yana da hali.

Sunan nan Eseka, ka riƙe shi, domin za mu yi ta dawowa kansa.

Kafin dogo, kan mutum

Abin da zai ba ka mamaki shi ne, hanyar farko ta Yawunde ba ta Duwala ta bi ba. Jamusawa sun kafa tutarsu a Duwala a 1884, amma 'yan kasuwar bakin teku, waɗanda suka daɗe suna cin ribar dillanci tsakanin Turawa da mutanen cikin ƙasa, ba su so a tsallake su ba. Sai wasu hafsoshi biyu, Kund da Tappenbeck, suka taso daga kudu, wajajen Kiribi, suka keta daji, suka kafa zango a ƙasar mutanen Ewondo tsakanin 1888 da 1889. Daga sunan Ewondo ɗin nan ne bakin Bature ya samar da "Yawunde". Wani masanin tsirrai mai suna Zenker ya riƙe zangon na wasu shekaru, sannan soja Hans Dominik ya karɓe shi ya mayar da shi barikin yaƙi.

Me suke nema? Hauren giwa da farko, sannan danƙo, wato roba, wadda Turai ke tsananin buƙata saboda tayoyin keke da na mota. Ga daji ba ya karɓar doki ko jaki, ƙudan tsando na kashe su. Kogunan kuma duwatsu da gangaren ruwa sun hana kwale-kwale zuwa teku kai tsaye. Saboda haka motar ɗaukar kaya ta zamanin ita ce kan ɗan'adam. Daga Kiribi a bi ta Bipindi, a wuce Lolodorf, a hau tudu zuwa Yawunde, tafiyar mako biyu zuwa uku a ƙafa. Dokar da gwamnatin Jamus ta yi daga baya ta ce kada kayan mutum ɗaya su wuce kilo 30. In har sai da aka yi doka, to ka san abin da ake ɗora wa mutane kafin dokar. An ƙiyasta cewa a 1913 'yan dako kusan 80,000 ne ke wannan aiki, kuma akwai ranar da mutum dubu ke ratsa Lolodorf da kaya a ka. Maza, mata, har da yara.

Ka yi tunanin ƙauyen da ke bakin wannan hanya. Ayari ya sauka, dole a ciyar da shi. Gobe wani ya sauka. Majiya ƙarfi an kwashe su dako, gona ta koma hannun tsofaffi. Cututtuka kuma suna bin ayari kamar yadda ƙuda ke bin mai nama. Ba banza ba mutanen Bulu suka auka wa Kiribi da yaƙi a 1899.

A nan ne kuma namu suka shigo labarin. Tun kafin Bature ya iso, fataken Hausawa na gangarowa daga Adamawa ta Tibati da Yoko, suna sayen haure a ƙasar Bute, arewa da kogin Sanaga. Da Dominik da 'yan'uwansa suka murƙushe sarakunan wannan yanki a ƙarshen shekarun 1890, sai hanya ta buɗe, fatake suka tsallako kogi suka yi zango a gefen barikin Yawunde, suna kawo shanu da tufafi, suna sayen danƙo da goro. An yi ta ɗaga su daga wannan wuri zuwa wancan yayin da gari ke girma, har suka tabbata a unguwar Birketeri, wadda ta samo sunanta daga wurin yin bulon ƙasa. Duk wanda ya je Yawunde ya ci tsire mai kyau da daddare, to da wuya in ba a nan ya ci ba. Kuma duk ɗan fim ɗinmu da ya taɓa kai ziyara can ya san irin tarbar da ake yi a unguwar. Ashe hanyoyi biyu ne suka haɗu a Yawunde: ta teku daga kudu, da ta fatake daga arewa.

Dogon da ya tsaya a Njok

Jamusawa sun gane cewa kan mutum ba zai ɗauki ƙasa ba. Suka shimfiɗa dogo biyu daga Duwala. Na farko ya nufi arewa zuwa Nkongsamba, kilomita 160, aka buɗe shi a 1911. Na biyu ya nufi gabas, cikin ƙasa. A Edeya suka gina gadar ƙarfe a kan kogin Sanaga, wadda har yau tana nan tsaye, masu yawon buɗe ido na ɗaukar hoto a kanta. Zuwa 1914 dogon ya kai Eseka, ma'aikata kuma sun ɗan zarce zuwa wani wuri da ake kira Njok, inda ƙasa ke fara miƙewa sama. Sai Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke.

In kana son sanin nisan Duwala da Yawunde a wancan zamani, kada ka auna da kilomita, auna da wannan yaƙi. Sojojin Ingila da Faransa sun kama Duwala a ƙarshen Satumba, 1914. Ba su shiga Yawunde ba sai ranar 1 ga Janairu, 1916. Wata goma sha biyar ke nan, a tafiyar da bas ke yi yau cikin awa huɗu ko biyar. Jamusawa na ja da baya suna karya gadoji, ga ruwan sama, ga zazzaɓi da atini. Yunƙurin farko a tsakiyar 1915 ma komawa baya aka yi. Cikin rundunar Ingila akwai bataliyoyi daga Nijeriya, kuma Hausa ce harshen bariki a lokacin. Watakila kakan kakan wani mai karanta wannan shafi na kwance a dajin nan, ba kabari ba alama. Na daɗe ina mamakin yadda marubutanmu ba su taɓa waiwayar irin wannan labari ba, kullum muna falon Alhaji.

Bayan yaƙi Faransa ta karɓi mafi yawan ƙasar, kuma a 1921 ta mayar da hedikwata Yawunde. Wurin ya fi sanyi, ya fi tsakiya, ya yi nesa da bindigogin jiragen ruwa, ya kuma yi nesa da mutanen Duwala masu yawan ƙorafi da rubuta takardar koke. Kar ka manta, a 1914 Jamusawa suka rataye sarkinsu, Rudolf Duala Manga Bell, saboda ya ƙi yarda a ƙwace filayen jama'arsa. Amma fa hedikwata ba hanya ai kurkuku ce. Dole a ƙarasa dogo.

Daga 1922 aka koma aiki. Yankin da ya fi wuya shi ne daga Njok zuwa Makak, bai kai kilomita 40 ba, amma duk dutse ne da kwari. Babu manyan injina. Diga ce da shebur da kwando. Su wa za su yi? Sai aka aza wa kowane sarki adadin mutanen da zai kawo. Dattawanmu na Arewa da suka ga zamanin ɗiban gwamna zuwa haƙar kuza a Jos za su gane abin da nake nufi. A kamo samari a ɗaure da igiya, a kai su wurin da ba abincinsu ba, ba yarensu ba. Mutanen da suka saba da tudu mai sanyi a kawo su kwari mai zazzaɓi. Sun mutu da yawa, har sai da kwamitin Majalisar Ƙasashen Duniya ta wancan lokacin da ke Janiba ya riƙa yi wa Faransa tambayoyi kan yawan mace-macen. Wasu dubbai suka tsere zuwa ɓangaren da Ingila ke mulki. Sunan Njok ya shiga bakin jama'a: a Kamaru in aka ce "njokmasi", ana nufin aikin wahala wanda ba lada ba la'ada. A 1927 jirgin ƙasa na farko ya shiga Yawunde, aka yi biki, aka yi jawabai.

Daga ranar Kiribi ta fara barci. Kasuwar danƙon daji ta riga ta faɗi tun 1913, da robar gonakin Asiya ta cika duniya. Yanzu kuma koko da katako sun samu jirgi zuwa Duwala. Garin da ya taɓa cika da kantunan Jamusawa ya koma garin masunta, sai hasumiyar fitila ta 1906 da tsohuwar majami'a da rairayin bakin teku.

Masu karatun littattafai, ga naku. Marubucin nan Mongo Beti, haifaffen wani ƙauye kusa da Mbalmayo, inda reshen dogon nan ya ƙare, ya san wannan tarihi tun daga gida. A littafinsa na farko, Ville cruelle (1954), saurayi ne ke ɗauko kokonsa zuwa birni, jami'an tantancewa su ce bai da kyau. A Le pauvre Christ de Bomba (1956) kuwa, akwai wani abu da ya tsaya mini a rai. Wani limamin mishan ya lura cewa mutanen da ke bakin hanya sun fi cika majami'a, na cikin daji kuwa ba ruwansu. Dalili? Na bakin hanya su ke shan azabar aikin tilas, sai su gudo wurin Allah. Ga kuma jami'in mulki na shirin yanka sabuwar hanya ta cikin dajin. Ban san wani marubuci da ya fasa ƙwan "ci gaba" irin na mulkin mallaka da dabara kamar wannan ba. Shi kansa Mongo Beti, bayan gudun hijira na shekaru fiye da 30, ya dawo ya buɗe kantin littattafai a Yawunde, da ciwo ya tsananta a 2001 sai Duwala aka kai shi, can ya cika.

Dogon da aka gina da tilas shi ne kuma ya haifi masu cewa a'a. A Satumba 1945 ma'aikatan reluwe na Duwala suka shiga yajin aiki, abin ya zama tarzoma, Turawa mazauna gari suka ɗauki bindiga suka harbi mutane. A 1946 Faransa ta soke aikin tilas a dokance. A 1948 aka kafa jam'iyyar UPC a Duwala, mai neman 'yanci, kuma jagoranta Ruben Um Nyobe ɗan ƙabilar Basa ne, mutanen da dogo da titi suka ratsa ta tsakiyar ƙasarsu. Da aka haramta jam'iyyar a 1955, dajin nan dai ya shiga. A Disamba 1956 'yan tawaye suka lalata dogo da gadoji da wayoyin tangaraho, don sun san nan ne maƙogwaron gwamnati. Sojan Faransa ya mayar da martani: aka tashi ƙauyuka, aka tara jama'a a sansanoni a bakin titi da bakin dogo inda ido zai riƙa ganinsu. Ranar 13 ga Satumba, 1958, aka harbe Um Nyobe a daji kusa da Bumnyebel. Ina aka kai gawarsa? Eseka. Can aka binne shi, aka zuba kankare. Sai a 2025 shugaban Faransa, Emmanuel Macron, ya amsa a rubuce cewa yaƙi ƙasarsa ta yi a Kamaru.

Samun 'yanci a 1960 bai wanke dogon ba. A farkon Fabrairu 1962 aka zuba fursunonin siyasa fiye da 50 a taragon kaya na ƙarfe a Duwala, aka rufe. Da aka buɗe a Yawunde, aƙalla 25 sun mutu saboda rashin iska. Jaridar 'yan Katolika da ta fallasa zancen aka ƙwace ta, aka kori editanta daga ƙasar. Kai jama'a! In wannan ba labarin fim ba ne, to mene ne labarin fim? Tarago ɗaya, dare ɗaya, ba ka buƙatar ko lokeshan biyu.

Zamanin Ahmadu Ahijo ne aka ja dogon zuwa arewa: ya kai Belabo a 1969, ya kai Ngaundare a 1974, kilomita fiye da 600 daga Yawunde. Wannan ya sauya rayuwar 'yan tireda da dillalan shanu. Saniyar da a da ake korowa a ƙafa wata da watanni tana ramewa, yanzu sai a loda ta a tarago. Kayan Chadi ma suka samu hanya: jirgin ruwa zuwa Duwala, jirgin ƙasa zuwa Ngaundare, tirela zuwa Njamena. Daga tsakiyar shekarun 1970 zuwa 1987 kuma aka sake miƙe tsohon layin Duwala, aka huda duwatsu aka gina dogayen gadoji, tsawonsa ya ragu daga kilomita 300 da 'yan kai zuwa kimanin 260.

Sai dai a daidai lokacin ne abokin gaba ya iso. A tsakiyar shekarun 1980 aka gama babban titin kwalta ta Edeya. Bas ya fi jirgi sauri, ya fi shi yawan tashi, fasinja suka koma tasha. Titi ne mai hannu biyu kacal, ɗaya zuwa ɗaya dawowa, kuma a kansa ake haɗa bas mai gudu, da tankar mai, da tirelar gungumen katako wanda guda uku ke cika mota. Kowa na son ya wuce na gabansa a kan kwana. Ba sai na faɗa maka sakamakon ba. Matsin tattalin arzikin da ya biyo baya kuma ya cika garuruwa da motocin haya marasa rajista. Wanda ya kalli Clando (1996) na darakta Jean-Marie Teno ya ga wannan rayuwa: mai ilimin kwamfuta ya koma kabu-kabu a titunan Duwala. A ganina fim ɗin ya fi ƙarfi a sassan da aka ɗauka cikin mota fiye da bayan da labarin ya koma Jamus, amma wannan zancen wata rana ne.

A 1999 gwamnati ta ba da hayar reluwe ga Camrail, wanda rukunin kamfanonin Bolloré na Faransa ke da babban kaso a ciki a lokacin. Kaya su ne riba, fasinja kuwa nauyi ne. Ga wani abin lura ga 'yan kallo: bayan da manyan gidajen sinima na ƙarshe, Abbia a Yawunde da Wouri a Duwala, suka rufe a farkon 2009, sabon gidan da aka buɗe a Yawunde a Yuni 2016, CanalOlympia, a lokacin na kamfanin Vivendi ne, wanda shi dai attajirin nan Bolloré ke jagoranta a wancan lokaci. Wata huɗu bayan bikin buɗe sinima, sai ga Eseka. Binciken gwamnati na 2017 ya ce jirgin na gudun kilomita 96 a awa a inda doka ta ce 40, ga lodi ya yi yawa, ga burkin wasu taragu ba ya aiki. A 2018 kotu a Eseka ta samu kamfanin da laifi. Jirgin fasinja mai sauri tsakanin biranen biyu bai dawo ba sai 2021.

Babbar hanya ta zamani da aka fara a 2014 don ta raba titin da cunkoso, ita ma labarinta ya yi kama da na Njok ta fuska guda: an buɗe kilomita 60 na farko daga Yawunde a daidai lokacin gasar cin kofin Afirka a farkon 2022, sauran kusan kashi biyu cikin uku kuwa sai a 2024 aka ƙaddamar da aikinsu.

Kiribi fa? Ta farka. Tashar Duwala a cikin bakin kogin Wuri take, kullum sai an yashe laka kafin jirgi ya shigo, manyan jiragen zamani kuma ba sa iya shiga. Sai aka koma kudu. Wani kamfanin China ya gina tasha mai zurfi a kusa da Kiribi, ta fara aiki a 2018. Tun kafin nan, a 2003, an gama shimfiɗa bututun man Chadi mai tsawon kilomita 1,070, daga rijiyoyin Doba zuwa teku. Ka duba taswirar bututun nan in ka samu dama. Bayan ya wuce ta gefen Yawunde, sai ya gangara ta Lolodorf, ya bi ta Bipindi, ya faɗa ruwa a Kiribi, kusan sawu a kan sawun 'yan dakon 1913.